Man Shanun da Na Kai Ikko

Ranar da ƙanena ya bugo waya daga Agege ya ce, "Yaya, kan yaron nan fa sai ƙara tsawo yake yi," Hajiyarmu ba ta bari ya ƙarasa ba ta yanke hukunci: matarsa 'yar zamani ce, ba ta iya gasa kan jariri ba. Ta haɗa ni da gwangwanin man shanu, da ƙullin kuka da daddawa, ta ce in je in gyara mata kan jika. Ni ma, a gaskiya, haka na ɗauka.

Doguwar bas na hau a Sabon Gari bayan la'asar. Zariya, Kaduna, sai barci ya yi gaba da ni. Can tsakar dare na farka muna kan gadar Jamata, Kwara shimfiɗe a ƙasa baƙi wuluk. A Lakwaja muka ci abinci a tsaitsaye. Da hantsi muka bar Badun, amma daga Berger zuwa Agege sai da na ce gara tafiyar daren, don cunkoso da hayaƙi da ihun kwandastocin danfo.

Matar ƙanen nawa ta rame, wuya duk ya fito. Wata huɗu ke nan tana shan magana. Maƙwabta su ce kwanciya ce, wasu su ce ta tsallake wani abu tana da ciki. A soron gidan ma an sa wa yaron suna Mai Gwanda. Shi kuwa yana ta ɓangala dariya abinsa.

Da daddare na sa aka dafa ruwa, na ɗauko tsumma. Da na shafa tsakar kansa sai hannuna ya ci karo da wani tudu mai tauri, siriri, ya miƙe tun daga wajen maɗiga har ƙeya kamar kunyar gona. Kan ya matse ta gefe da gefe, goshi ya turo. Na raini yara 5, ban taɓa jin irinsa ba.

"Anti, don Allah kada ki danna," in ji ta, murya ƙasa-ƙasa. "Jibi muna da ganin likita."

Na ajiye tsumman.

Jirgin ƙasan nan na cikin gari da aka buɗe a 2024 muka shiga daga Agege zuwa Mushin, daga nan keke ya kai mu Idi-Araba, asibitin koyarwa na Jami'ar Legas. Unguwar kamar Fagge: ga mai shayi, ga mai tsire, Hausa ko ta ina. Likitan ya auna kan da tef, ya duba hoton ƙwaƙwalwa da suka yi, sannan ya ɗauko takarda ya yi mana zane, ƙanena yana fassara mini. Ashe ƙoƙon kan jariri ba ƙashi ɗaya ba ne, falle-falle ne, da tsaga a tsakaninsu, don ƙwaƙwalwa ta sami wurin girma, tunda a shekarar farko takan kusan ninka kanta. Maɗigar gaba ma sai wajen wata 18 take rufewa. Shi namu, tsagar da ta ratsa tsakiyar kai ce ta haɗe tun lokaci bai yi ba. Kai ya rasa hanyar faɗi, sai ya bi tsawo. Ya ce a kan sami haɗewar wata daga cikin tsagun kai da wuri ga jariri 1 cikin 2,000 zuwa 2,500, kuma dabam yake da bajewar ƙeya da yawan kwanciya a gefe ɗaya ke jawowa, wadda sauya wa yaro kwanciya kan rage ta.

Na kasa haƙuri na tambaya, ko da an gasa tun ranar suna fa? Ya girgiza kai. Ƙashin da ya riga ya haɗe, ruwan zafi ba ya raba shi, sai tiyata, kuma an fi so a yi kafin yaro ya shekara. Ya dubi uwar ya ce ba wani abu da ta yi ko ta ƙi yi. Nan ta kifa kai a bayan yaron ta fashe da kuka. Ni kuwa kunya ta hana ni ɗaga ido, don da irin bakina aka cinye ta.

Sauran kwanakin a lissafi suka tafi. Ƙanena ya sa babur ɗinsa a kasuwa, abokan cinikinsa na Mile 12 suka yi masa karo-karo. An ce aikin yana cin jini, a tanadi masu bayarwa. Aka gwada nawa ya dace, na ɗaga komawata da mako 3.

Da Hajiya ta kira tana tambayar ko kan ya fara daidaita, na ce ta ba ni aron kunne, bayani ne mai tsawo. Ta yi shiru har na zaci layi ya katse, sannan ta ce in miƙa wa surukarta wayar. Na bar musu ɗakin, na shiga madafa na kaɗa miyar kuka, na buɗe gwangwanin man shanun nan na zuba mana.