Da kuɗinka a hannu a ce maka ka jira

A duk kasuwar da na sani mai kuɗi ake lallashi, amma banda wajen mutanen Ferrari, can kai ne za ka zo da kuɗinka kana 'yar murya su kuma suna kallonka sama da ƙasa suna tunanin ko ka isa. Kuma wallahi ni a ganina wannan jan ajin shi ne jarinsu, ya fi injin da ke cikin motar kawo masu kuɗi.

Duba lissafin kawai. A shekarar 2023 motoci 13,663 kacal suka fito daga Maranello, wani ɗan ƙaramin gari a arewacin Italiya, amma kuɗin da kamfanin ya tara a shekarar sun kusa yuro biliyan 6. Toyota kuwa tana sayar da sama da miliyan 10 a shekara, wato abin da Ferrari ke fitarwa daga Janairu zuwa Disamba ita a yini ɗaya ta ninka shi. Ba wai Ferrari ba za su iya ƙara yawan ba ne, masu so suna nan a layi wasu sai sun shekara biyu suna jira, ƙin ƙarawa suke yi da gangan. Akwai maganar da ake dangantawa da Enzo Ferrari, wanda ya kafa kamfanin, wai kullum su riƙa ƙera mota ɗaya ƙasa da abin da kasuwa ke nema. In a Dawanau ɗan kasuwa ya yi haka da masara sunansa mai ɓoye kaya kuma har a huɗuba sai an taɓo shi, su can an sa ma abin kwat da nektai ana tafa masu.

Inda abin ya fi ban mamaki shi ne motocinsu na musamman. LaFerrari da suka fito da ita a 2013 guda 499 suka ce za su yi, kuma ba shiga shago za ka yi ka ce a ba ni ba, su ne ke zaɓar wanda za su sayar ma, galibi wanda dama garejinsa na da Ferrari da yawa kuma ba a san shi da saya yau ya sayar gobe ba. Kaga kenan in kana son babbar sai ka yi ta sayen ƙananan tukuna, ko kana buƙatarsu ko ba ka buƙata. Da suka ƙara ta 500 a 2016 don taimakon waɗanda girgizar ƙasa ta shafa a tsakiyar Italiya, dala miliyan 7 aka saye ta a gwanjo, ninkin ba ninkin kuɗinta na asali. To duk mai ɗaya a gida ranar barci ya yi da murmushi. Su Ford ma sun kwaikwayi salon da motarsu GT, har kotu suka kai John Cena, ɗan kokawar nan, a 2017 saboda ya sayar da tasa kafin shekara biyun da aka yi yarjejeniya su cika. Mutum da motarsa fa!

Sannan ga kuɗin kwalliya, wanda nan ne ribar ke ɓuya. Kalar fenti da babu mai irinta, fatar kujera, zaren ɗinkin sitiyari, a Rolls-Royce har taurari ake jera maka a rufin ciki, kowanne da farashinsa, kafin ka farga kuɗin ƙarin kaɗai sun isa sayen wata motar mai lafiya.

Amma abin dariyar, kamfanonin da suka yi suna da motoci masu rarrafe a ƙasa yanzu jif ce ke ciyar da su. Porsche ta fito da jif ɗinta Cayenne a 2002, masoyanta suka yi ta surutu wai an zubar da mutuncin gida, motar kuwa ta yi ta tafiya kamar me. Lamborghini, da mai ƙera tarakta Ferruccio Lamborghini ya kafa a 1963, sai a 2023 ta taɓa haura mota dubu 10 a shekara, 10,112, kuma wajen dubu 6 daga ciki jif ɗinta Urus ce. Ita Urus ɗin in ka leƙa ƙarƙashinta ginshiƙi ɗaya suke hawa da Audi Q8 da Cayenne da Bentley Bentayga har da Touareg, don duk 'yan gidan Volkswagen ne, kowa dai da rigarsa da kuɗinsa. Kuma ni ban ga laifin masu saya ba, ko a Abuja ai G-Wagon da Urus da Cullinan za ka fi gani, don motar da tudun rage gudu ɗaya zai yage ma ta gaba sai dai a ajiye ta ana goge ƙura ana ɗaukar hoto. Ferrari sun daɗe suna cika baki ba za su yi jif ba, a 2022 sai ga Purosangue, sai dai nan ma halin bai bar su ba, suka ce ba za ta wuce kashi 20 cikin 100 na motocin shekara ba.

Kada dai wani ya ɗauka duk mai ƙera mota mai tsada yana cikin daula. Aston Martin sau bakwai tana karyewa a tarihinta, yanzu ma da kuɗin attajirin Kanada Lawrence Stroll da asusun gwamnatin Saudiyya take numfashi. Bugatti Veyron da ake ta yayi, guda 450 aka yi daga 2005 zuwa 2015, kuma masana harkar sun daɗe suna cewa asara Volkswagen, mai kamfanin Bugatti a lokacin, ta yi ta tafkawa a kan kowace ɗaya, don nuna isa kawai aka yi ta.

Volkswagen ɗin ce ma aka yi wa wayo a 1998. Ta zuba fam miliyan 430 ta sayi kamfanin da ke ƙera Rolls-Royce da Bentley, da masana'antar Crewe a Ingila da ma'aikata da komai, ashe shi sunan Rolls-Royce da tambarinsa ba sa cikin cinikin, suna hannun kamfanin injin jirgin sama mai wannan sunan, shi kuma ya miƙa wa BMW a kan fam miliyan 40 kawai. Aka yi ta ja-in-ja aka sasanta, Volkswagen ta riƙe Bentley da ginin, BMW ta je Goodwood ta gina sabuwar masana'anta daga tushe, daga 2003 ta fara fitar da Phantom da sunan da ta saya ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na abin da abokiyar hamayyarta ta biya.