Abin da ya jawo mini asarar katin sauti da aikin kwana shida

Kwamfutar da na yi shekara bakwai ina aiki da ita ta gaji, har ta kai idan na ɗora layukan kiɗa da yawa sai ta riƙa kakarewa, saboda haka na haɗa abin da nake da shi na sayi sabuwa ta tebur, Core i7 mai ram giga 16 da SSD giga 512. A lokacin da nake biyan kuɗi mai shagon ya miƙo mini wani ɗan ƙaramin abin kamo waifai na USB, wanda bai fi farcen babban yatsa ba, ya ce gyara ce. Na yi godiya, na soka shi a bayan kwamfutar domin in buɗe lasisin manhajoji ta intanet, daga nan kuma ban sake tunawa da shi ba.

Saka FL Studio, manhajar haɗa kiɗa, da kwaso sautukan da na tara bai ba ni wahala ba. Na sauko da direban ASIO, wato manhajar da ke haɗa kwamfuta da katin sautina (na'urar da ke shigar da sauti da fitar da shi), daga wurin kamfanin da ya ƙera katin, ban dogara da direban gama-gari na ASIO4ALL ba, na sa bafa, wato yawan guntayen sautin da kwamfuta ke tarawa kafin ta miƙa wa katin, a 128 a kan guntaye 44,100 a sakan ɗaya, na danna fiyano na ji sauti yana fita nan take. A wannan daren ne na ji wata ƙara, tas, kamar an jefa gishiri a garwashi. Ta sake yi bayan ɗan lokaci. Da yake janareta muke amfani da shi a ranar, sai na ce wuta ce ba ta daidaita ba, na kashe komai na tafi gida. Har yau idan na tuna wannan tas ɗin sai raina ya sosu, domin kunnena ya ji ta sarai, ni ne na ƙi tsayawa in bincika.

Kwana biyu bayan haka na karɓi aikin waƙar biki. Mawaƙin ya taso daga Haɗejiya da 'yan amshinsa mata biyu, muka yi kusan awa huɗu muna ɗora murya, kuma muryarsa ta buɗe sosai a ranar. Na danna maɓallin da ke aika sautin makirfo kai tsaye daga katin zuwa kunne ba tare da ya bi ta cikin kwamfuta ba, kamar yadda na saba, don haka abin da muke ji a lokacin ɗauka tsaf yake. Abin da kwamfutar take rubutawa kuwa daban ne. Ɗan abin da na mayar muka saurara ta lasifika, ƙarar janareta da hirar 'yan rakiya suka danne shi. Sai da dare, bayan sun kama hanya, na sa abin ji a kunne domin in fara haɗa sauti, na tarar da muryar duk ta huje. Inda ramin ya faɗa tsakanin kalmomi na yanke na gyara, amma akwai wuraren da ya faɗa a tsakiyar jan murya, har da inda yake kiran sunan amarya, kuma wannan ba ya gyaruwa.

Da gari ya waye ban yi wani bincike ba, na ɗora wa katin sautin laifi, katin da bai taɓa ba ni kunya ba tsawon shekaru. Na ce ya tsufa, ba zai iya tafiya da sabuwar kwamfuta ba. Na sayar da shi a wulaƙance domin ina sauri, na cika kuɗi na sayo wani, abin da ya tafi ya kai kuɗin hayar sutudiyo na wata uku. Na dawo na jona sabon, ban yi minti biyar ina kiɗa ba na ji tas. Na ɗaga bafa zuwa 1024, ƙarar ta ragu amma ba ta ɗauke ba, kuma ga wata matsalar: 128 jinkirin kusan milisakan 3 ne (milisakan ɗaya bisa dubu ne na sakan), 1024 kuwa ya haura milisakan 23, don haka idan na danna fiyano sai yatsana ya riga sautin, ba yadda za a yi mutum ya buga kiɗa mai kyau a haka. Na ari ram na ƙara, na canja wayar USB, na jira wutar gari ta dawo na gwada ba janareta, duk a banza.

A rana ta huɗu na kira maigidana wanda ya koya mini wannan sana'a. Ya zo bayan la'asar, ya saurara sau biyu, ya tambaye ni ko na duba abin da yake tare furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta. Na ce, “Ranka ya daɗe, ai furosesan ko kashi 20 bai kai ba.” Ya ce, “Ba nauyin aiki nake tambayarka ba. Wa yake riƙe shi a lokacin da sauti yake buƙatarsa?” Ya sa na sauko da LatencyMon, wata ƙaramar manhaja ta kamfanin Resplendence mai nuna direban da ke jawo jinkiri, muka bar ta tana aiki. Ba a jima ba rubutun ya koma ja, kuma sunan da ya hau sama shi ne ndis.sys, wanda alama ce ta cewa matsalar tana wajen direban na'urar sadarwa.

Bayanin da ya yi mini shi ne wanda ya kamata in sani tun kafin in taɓa aljihuna. Katin sauti yana jiran kwamfuta ta cika masa bafa a kan lokaci, kuma a 128 lokacin bai kai milisakan 3 ba. Idan wani direba ya riƙe furosesa fiye da haka, ko da sau ɗaya ne a minti, bafar za ta wuce ba a cika ta ba, wannan gurbin shi ne tas ɗin da ake ji. Ƙarfin kwamfuta ba ya hana wannan, yawan ram ma haka. Abin waifai kuwa yakan leƙa neman hanyoyin sadarwa lokaci-lokaci ko ba a amfani da intanet, shi ya sa ƙarar take zuwa jefi-jefi. Tsohuwar kwamfutata ba ta taɓa yin haka ba domin ba ta da waifai ko kaɗan.

Maigida ya zura hannu bayan kwamfutar ya zaro ɗan abin nan ya ajiye mini a tafin hannu. Muka sake kunna LatencyMon, ta yi rabin awa rubutun yana kore. Daga nan ya sa na mayar da tsarin wutar Windows zuwa High performance, na kashe abin da ke sa ramukan USB barci, muka dawo da bafa 128, na yi kiɗa har magariba ban ji komai ba. Wato katin da na sayar lafiyarsa ƙalau.

Na kira mawaƙin na gaya masa gaskiya, na biya kuɗin motarsu zuwa da komawa, muka sake ɗauka. Ya yi haƙuri, amma mura ta ɗan taɓa shi, kuma muryar ba ta kai ta ranar farko ba. Waƙar ta isa gidan biki bayan an yi kamu, alhali a wurin kamun aka so a fara sa ta.

Yanzu duk wanda ya ce mini ya sayi sabuwar kwamfuta, abin da nake fara tambayarsa shi ne me da me ke soke a jikinta. Ina ce masa ya bar LatencyMon ta yi aƙalla rabin awa kafin ya saka wata manhajar kiɗa, sannan ya kunna makirfo ya ɗauki minti ashirin na maganarsa, ya saurara daga farko har ƙarshe da abin ji a kunne, a bafar da zai yi aiki da ita, kafin ya yarda wani mawaƙi ya shigo. Idan kuma ya ji tas ko sau ɗaya ne, kada ya sayi komai, kada ya sayar da komai, ya riƙa cire abubuwa ɗaya bayan ɗaya yana gwadawa. Ni dai intanet ɗin sutudiyo sai buƙata ta taso nake jona ta, in cire kafin a fara ɗauka. Na koma wurin wanda ya sayi tsohon katina da niyyar in fanshe shi, ya ce ya riga ya wuce hannun wani.