Abin da renon attaruhu marar zafi yake koyarwa

Mai girki yana son ƙamshin attaruhu a miya, amma ba kowa ne a gida yake jure zafinsa ba. Akwai 'yan uwan attaruhu da suke da wannan ƙamshi mai kama da na 'ya'yan itace, yajinsu kuwa kaɗan ne ko babu: aji dulce na ƙasar Benezuwela da tsibiran Karibiyan, biquinho na Barazil, da Habanada da aka samar a Jami'ar Cornell ta Amurka. Idan ka gansu a faranti sai ka rantse attaruhu ne.

Darasin farko haƙuri ne. Irin tumatir yakan tsiro cikin mako guda, wannan kuwa yakan kai mako biyu zuwa huɗu. Da yawa sukan tone gadon reno a kwana na goma, su ce irin ya mutu, alhali bai ma fara ba. Yana son ƙasa mai ɗumi, wajen digiri 25 zuwa 30, shi ya sa shukar tsakiyar hunturu take ba da wahala. A jiƙa irin ya kwana a ruwa, a shuka shi zurfin rabin santimita a cikin ƙasa mai laushi da aka haɗa da yashi da ruɓaɓɓen taki, a rufe da ciyawa. Da zarar ya leƙo a ɗauke ciyawar, in ba haka ba ya yi tsawo, ya yi siriri, ya kwanta.

Ruwa ya fi ƙishi kashe dashe. Idan ka ga gindin tsiron ya yi baƙi ya tsuke ya faɗi, danshi ne ya yi yawa har ruɓa ta kama shi. A yayyafa da safe, a bar saman ƙasa ya ɗan sha iska. Bayan mako shida zuwa takwas, in ya yi ganye huɗu zuwa shida, a dasa da yamma, tazarar santimita 50 zuwa 60, kuma ba a inda aka cire tumatir ko gauta ba, don cutarsu ɗaya.

Wurin da aka fi yin asara shi ne ajiye iri. Ƙudan zuma ba ya tambayar wane ne mai zafi. In akwai attaruhu a kusa, zai kwaso garin furensa ya kawo. 'Ya'yan bana ba za su canja ba, nan ne mutum yake ruɗuwa: ya ci, ya ji babu yaji, ya ajiye iri. Baɗi sai ga tsiron ya fito da zafi, domin a wajen gadon hali yaji ne yake rinjaye. Maganin abin ba tsada. A zaɓi gindi biyu masu lafiya, a lulluɓe su da tsohon gidan sauro tun fure bai buɗe ba, a riƙa girgiza su kaɗan da hantsi, sai a ɗaura zare a kan 'ya'yan da suka kama a ciki. Daga waɗannan kaɗai za a ɗebi iri, bayan sun nuna sosai, a shanya a inuwa. Irin da aka rubuta F1 a jikin fakitinsa kuwa, wato wanda aka samu ta haɗa iri biyu daban, kada a wahalar da kai wajen ajiye irinsa, jikokinsa ba sa kama da shi.

Zubar fure a zafin Maris da Afrilu ba cuta ba ce. Zafi in ya haura digiri 35 furen ba ya kamawa, sai a yi masa rumfa. Yawan takin yuriya kuma ganye yake ba ka, ba 'ya'ya ba. Farin ƙuda yana ɓuya a bayan ganye yana yaɗa cutar nannaɗewa. Ruwan 'ya'yan darbejiya yana rage shi, amma gindin da ya riga ya nannaɗe sai dai a tumɓuke.

A bar su su nuna a jikin uwa, a nan ƙamshin yake cika. In an ji ɗan yaji, a kankare farar jijiyar da ke riƙe da ƙwayoyin, a saka sauran a miya dab da saukewa.