Rediyon maƙwabciya

Asabar, da dare

Yau na gama littafin nan da na aro a laburaren makaranta, kuma har yanzu ƙirjina bai saki ba. Wata mata ce ta rubuta tarihin yarintarta, tun daga lokacin da ta fara wayo har ranar da ta bar gidan mahaifinta. Da safe na ce bari in karanta babi ɗaya kafin in taɓa aikin gida da aka ba mu, sai ga rana ta take ban ko buɗe jakar makaranta ba.

Mahaifinta ne yake dukanta, da bel, ta ɓangaren ƙarfen. Ba ta yi ta kwararo bayani a kan dukan ba, takan faɗe shi a layi biyu ko uku ta wuce. Inda ta fi daɗewa shi ne a kan jira. Tana 'yar shekara bakwai ta riga ta iya gane irin daren da za a yi daga yadda makulli ke shiga ƙofa. In ya shiga nan take, to yau an tsira. In kuwa ta ji yana ta karce bakin ƙofa yana neman rami, sai ta ja ƙaninta su shige ƙarƙashin gado, ta rungume kansa a ƙirjinta don kada ya yi motsi. Shekara bakwai fa. Ni a wannan shekarun babbar damuwata ita ce kada fensirina ya ɓace.

Wurin da ya karya min zuciya shi ne labarin maƙwabciyarsu. Bango ɗaya ne tsakaninsu, kuma ba mai kauri ba. Duk daren da aka fara dukanta, sai ta ji an ƙara sautin rediyo a ɗaya gidan. In an gama, sai a rage. Washegari in ta fito za ta tafi makaranta, wannan matar dai za ta yi mata murmushi, ta gyara mata wuyan riga, ta ce ta yi karatu da kyau. Yarinyar ta san matar ta sani, matar ma ta san yarinyar ta san ta sani, haka suka yi shekaru suna gaisawa.

Sai kuma malamarsu, wadda ta ga kumburi a gefen idonta ta tambaye ta. Ta ba da amsar da aka koya mata a gida, cewa a matakala ta faɗi. Malama ta ce ta riƙa lura, ta koma kan allo. Marubuciyar ta ce a ranar ta riga ta ƙudurta a ranta, in aka sake tambayarta karo na biyu za ta faɗi gaskiya. Ta zauna har aka tashi tana kallon malamar, tana jira. Ba a sake tambaya ba.

Nan na rufe littafin, hawaye ya ƙwace min. Umma ta leƙo ta same ni a haka.

"Ke, lafiya? Wa ya taɓa ki?"

Na ce, "Umma, ba kowa, littafi ne."

Na ɗauka za ta ce in ajiye shi in tashi in yi abin da ke gabana, sai ta zauna a bakin gado ta ce in ba ta labari. Na ba ta, ina yi ina sheshsheƙa. A kan mahaifin ba mu yi musu ba. Ta ce gaskiya ne icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma wanda ya karya iccen ba zai ce gyara ya yi ba. Da muka zo kan maƙwabciyar ne hanyarmu ta rabu. Ni na ce laifinta bai gaza na mai dukan ba. Umma ta yi shiru, can ta ce kada in yi saurin yanke mata hukunci, wataƙila ita ma tsoro take ji, wataƙila tana gudun in ta yi magana mutumin ya huce a kan yarinyar fiye da da, wataƙila ma a nata ɗakin akwai abin da take ɓoyewa. Na ce, "To Umma, ba ku ne kuke cewa ɗa na kowa ne ba?" Ta ce, "Haka ne, amma faɗa ya fi aikatawa sauƙi." Ban ji daɗin amsar ba, kuma na kasa ture ta.

Da yamma Yaya ta kira daga makarantarsu ta koyon aikin jinya, Umma ta gaya mata cewa ƙanwarta ta wuni tana kuka a kan littafi. Yaya ba ta yi min dariya ba. Ta ce abin da malamar ta yi, likitoci ma sun daɗe suna yin sa. Ana kawo musu yaro da karaya, iyaye su ce daga gado ya faɗo, a ɗaure a sallame su. Sai a 1962 wani likitan yara a Denver ta Amurka, Henry Kempe, shi da abokan aikinsa suka wallafa bincike suka fito fili suka ce da yawan waɗannan raunuka dukan iyaye ne. Hoton ƙashi ne ya tona asirin, don ana ganin sabuwar karaya kusa da tsohuwa da ta fara haɗewa, abin da faɗuwa ɗaya ba za ta haifar ba. Kafin a fita daga shekarun 1960 kowace jiha a Amurka ta kafa doka a kan kai rahoto in likita ya yi zargin ana azabtar da yaro. Ta kuma ce min abin ba ya ƙarewa da warkewar tabo. Akwai binciken da Vincent Felitti da Robert Anda suka yi a kan manya fiye da 17,000, suka fara fitar da sakamakonsa a 1998, wanda ya nuna cewa gwargwadon wahalar da mutum ya sha yana yaro, gwargwadon yadda haɗarin ciwon zuciya da ciwon damuwa da shaye-shaye ke ƙaruwa gare shi in ya girma. Sai na tuna marubuciyar ta ce har yau, tana da 'ya'yanta, ƙarar makulli na faɗar mata da gaba.

Bayan mun ajiye waya na shiga intanet ina neman ko akwai maƙwabcin da bai toshe kunne ba. Na ci karo da labarin Mary Ellen Wilson, na karanta shi har ƙarshe. A birnin New York ne, a 1874, tana 'yar shekara goma a hannun wata mata da ke riƙonta, Mary Connolly. Kullum duka, ba a barinta ta fita, in za a fita sai a kulle ta a ɗaki. Maƙwabta ne suka riƙa jin kukanta, har zancen ya kai kunnen wata mata mai aikin taimakon marasa galihu, Etta Wheeler. Ita Etta ba ta tsaya a jin labari ba. Ta nemi dalilin shiga gidan, ta ga yarinyar da idonta, ramammiya, ba takalmi a tsananin sanyi, jikinta duk shatin bulala. Ta kai ƙara wurin hukuma, ba wanda ya yarda ya sa baki. Ba ta haƙura ba, ta je wurin Henry Bergh, mutumin da ya kafa ƙungiyar hana zaluntar dabbobi, shi kuma ya sa lauyansa Elbridge Gerry ya kai maganar kotu. Aka kawo Mary Ellen gaban alƙali da rauni a fuskarta inda aka buge ta da almakashi. Aka ɗaure Mary Connolly shekara ɗaya, kuma daga wannan shari'ar aka kafa ƙungiyar hana zaluntar yara ta New York. Mary Ellen ta rayu har 1956, ta kai shekara 92, kuma 'yarta ta fari sunan Etta ta sa mata. Da na zo wannan wurin sai wani kukan ya zo min, amma ba irin na safe ba.

Kai, ashe a lokacin an riga an kafa ƙungiyar kare dawakai da karnuka, ba a kafa ta yara ba. Yanzu kam akwai dokoki. Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da yarjejeniyar haƙƙin yara ranar 20 ga Nuwamba 1989, kuma sashe na 19 ya ɗora wa gwamnatoci kare yaro daga kowane irin cin zarafi, ko da a hannun iyayensa ne. Duk da haka Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yaran da suka kai biliyan ɗaya, 'yan shekara 2 zuwa 17, suna fuskantar duka ko cin zarafi ko sakaci a cikin shekara guda. Ina ganin wannan adadin, maƙwabta na fara tunani. Yawancin yaran nan akwai wani a bayan bango yana ji.

Akwai abu ɗaya a littafin da na kasa ganewa. Tana son mahaifin nan nata. Takan ajiye masa sakamakon jarrabawarta a kan tebur, ta laɓe tana jira ko zai yaba. In ya doke ta, ita take neman inda ta yi laifi. Yaya ta ce haka yara suke, ya fi musu sauƙi su yarda cewa su ne marasa kirki da su yarda cewa wanda rayuwarsu ke hannunsa azzalumi ne. Na ji bayanin, amma raina bai daina ɓaci ba.

Ranar Litinin ya kamata in mayar da littafin, amma zan roƙi mai kula da laburare ya ƙara min lokaci, don Yaya ta ce in ajiye mata shi har ta zo hutu. Umma ma ta ce in karanta mata babin maƙwabciyar gobe da kaina, ta ji yadda matar ta rubuta shi. Zan karanta mata, sannan in ba ta labarin Etta Wheeler, don ita ma ai tana da abin jin tsoro amma ta shiga gidan. Ina so in ji abin da Umma za ta ce.