Shanun da ba su da tozo a duwatsun Birnin Kudu

Mai bin hanyar Kano zuwa Bauchi ya san Birnin Kudu a matsayin zango: a tsaya a yi salla, a ci abinci, a wuce. Duwatsun da ke kewaye da garin kuwa sai dai a hange su ta tagar mota. Na ware kwana biyu musamman don in shiga cikinsu in ga zanen shanun da ke jikinsu, kuma abin da na fara koya shi ne zanen nan ba ya nuna kansa ga mai gaggawa.

Daga Kano tafiyar kimanin kilomita 130 ce. Ka bi ta Wudil, ka wuce Kwanar Huguma inda hanyar Dutse ta rabu, ka miƙe. Idan ka tsinci kanka a Babaldu, inda ake juyawa zuwa Ningi da Bauchi, to ka baro garin a baya. Birnin Kudu na kudancin Jigawa, ɓangaren da ya fi arewacin jihar samun ruwan sama, shi ya sa za ka ga itatuwa sun fi kauri, gonakin dawa da gyaɗa da riɗi sun shiga har tsakanin duwatsu. Kafin a ƙirƙiro Jigawa a 1991 garin yana cikin jihar Kano, yanzu kuma yana ƙarƙashin masarautar Dutse. Akwai asibitin gwamnatin tarayya, akwai tsohuwar Kwalejin Gwamnati wadda Aliko Dangote ya yi karatu a cikinta, ga kuma Bamaina, mahaifar tsohon gwamna Sule Lamido, nan kusa.

Wuraren zanen da aka fi sani su ne Dutsen Mesa, Dutsen Habude, Dutsen Murufu da Dutsen Zango, kuma suna ƙarƙashin kulawar hukumar gidajen tarihi ta ƙasa. Ka fara da ma'aikatanta da ke garin, su haɗa ka da mai rakiya. Kada ka ɗauki wannan ladabi kawai. Duwatsun sun yi kama da juna, zanen kuma yana ɓoye ne a ƙarƙashin rumfar dutse, inda wani ƙaton dutse ya hau kan wani ya bar inuwa. Kana iya wucewa taku biyar daga wurin ba ka sani ba. Wasu hanyoyin ma ta gefen gonakin mutane suka bi, kuma wanda aka sani a unguwa shi ke yin sallama a ba shi hanya.

Kuskurena na ranar farko lokaci ne. Na isa bakin dutse rana ta take, na fito daga haske mai kashe ido na shiga inuwa, sai na ga bango kawai da ɗan ja-ja kamar tsatsa. Ido na buƙatar minti goma ko fiye kafin ya saba. Ka zauna, ka juya wa hasken waje baya, ka bar kallon wuri ɗaya. Ƙaho ne ke fara bayyana, sai layin gadon baya, sai ƙafafu. Washegari na koma da ƙarfe bakwai na safe, abin da ya ɗauke ni rabin sa'a jiya na gan shi nan take.

Idan saniyar ta fito maka sosai, dubi bayanta. Babu tozo. Layin ya taho daga wuya zuwa gindin wutsiya a miƙe, ba tudu. Duk shanun da muka tashi muka gani a ƙasar Hausa, farare Bunaji, jajaye Rahaji, Bokolo na Sakkwato, masu tozo ne. Wanda ya yi zanen nan kuma ba ɗan koyo ba ne. Mutumin da ya iya lanƙwasar ƙaho haka ba zai manta da tozo ba da a ce yana ganinsa kullum. Abin da ya gani ya zana. Akwai masu dogon ƙaho, akwai masu gajere irin muturu, ƙaramar saniya marar tozo wadda yau sai ka gangara kudu kafin ka same ta. Marasa tozo masu manyan ƙaho kuwa, danginsu da suka rage a kusa da mu su ne shanun Kuri na tafkin Chadi. Wato a wannan ƙasa da Fulani ke kora farare yau, an taɓa kiwon wasu shanu dabam, kuma shaidar tana nan a jikin dutse da jan launi irin na koya, wani wurin da fari ko baƙi. A ganina wannan kaɗai ya isa dalilin tafiyar.

Abu na biyu ba a ganinsa, ji ake yi. Zafin rana da sanyin dare suna ɓare dutse falle-falle. Idan fallen ya zauna a kan 'yan wurare kaɗan, ƙarƙashinsa da sarari, to in an buga shi yana amsawa kamar ƙarfe. Ni kugen dutse nake ce masa. Bernard Fagg, Baturen da ya kafa gidan tarihi na Jos, a Birnin Kudu ya fara rubuta labarin irin waɗannan duwatsu a 1955, daga nan masu bincike suka shiga gano su a wasu sassan Najeriya da Afirka. Gane su ba wuya: nemi ƙananan gurabe masu sulɓi a gefen dutsen, waɗanda bugu na shekara da shekaru ya lotsa. Ɗauki dutse daidai dunƙulen hannu ka buga a cikin gurbin, a hankali, da wuyan hannu ba da kafaɗa ba. Kowane gurbi da muryarsa, wani siriri wani kauri, har mutum biyu ko uku su iya haɗa kiɗa. In ka ji sautin ya mutu, duba ko wani ya zauna ko ya jingina a kan fallen, domin nauyin jiki na danne karkarwar. Ɗora tafin hannu a kai lokacin da wani ke bugawa, za ka ji ta tana ratsa ka. Kada ka buɗe sabon gurbi, kada kuma ka yi amfani da guduma ko wani ƙarfe, yana ɓantare dutsen.

Wajen ɗaukar hoto, kashe fitilar waya. Haskenta na dawowa daga ƙyallin dutse ya wanke jan launin. Hasken safe da ke shigowa ta gefe ya fi, kuma ka sa wani ya riƙe biro kusa da zanen, ba tare da ya taɓa ba, don a gane girmansa. Za a iya ba ka shawarar ka watsa ruwa launi ya fito. Zai fito kuwa, na minti biyu. Amma ruwan na jawo gishirin cikin dutse, in ya bushe ya bar farin ɓawo a kan zanen, kuma kowace watsawa na tafiya da ɗan abin da ya rage. Haka bin layin da alli ko gawayi. Gidan zanzaro da za ka gani manne a bango ma ka ƙyale shi, in ka kankare yana ɗagowa da launin da ke ƙarƙashinsa. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne sunayen da wasu ke rubutawa a jikin duwatsu da baƙin hayaƙin wutar da ake hurawa a inuwarsu. Abin da ya jure rana da damina tun kafin kakanninmu, fenti na yini ɗaya na iya gamawa da shi.

Watannin da suka fi dacewa Nuwamba zuwa Janairu ne, bayan an kawar da amfanin gona. Da damina ciyawa na rufe hanya, dutse ya yi santsi. A Maris da Afrilu kuwa, kafin hantsi ya ɗaga falalen ya yi zafin da ba ka iya dafa shi. Sa takalmi mai roba a ƙasa wanda ya kama ƙafa, silifas na zamewa a gangara. Riƙe ruwa aƙalla lita biyu, ka bar turare a masauki saboda ƙudan zuma da ke yin gida a tsagar dutse, kuma kada ka zura hannu a ramin da idonka bai ga ƙarshensa ba. Wuri biyu a safiya ɗaya sun isa. Na gwada haɗa uku, na ukun na iske rana ta riga ta cinye zanen, sai da na jira bayan la'asar kafin ƙahonnin suka sake fitowa.