Kwalbar fitsarin da na raina

Shekara biyu na yi ina tattara bayanan masu ciwon sukari don wani bincike a asibitin da nake aiki. Aikin ba shi da wani kwarjini: in auna hawan jini, in ɗebi jini, in miƙa wa mutum 'yar kwalba ya kawo fitsari, in cike takarda. Kwalbar nan ita na fi rainawa. Su ma marasa lafiyar ba sonta suke ba. Dattijo zai karɓa yana kawar da kai, wata ta ce ai yanzun nan ta kama ruwa. In layi ya yi tsawo sai in bar gurbin a takarda, in ce a kawo wani zuwan.

Wata tsohuwa ce ta raba ni da wannan sakacin. Akwai gwajin da ake kira HbA1c, mai nuna yadda sukari ya zauna a jiki cikin wata biyu zuwa uku, domin sukari yana manne wa jajayen ƙwayoyin jini, su kuma sukan rayu kimanin kwana 120. Ga yawancin masu ciwon, ana so ya tsaya ƙasa da 7. Nata ya fito 6.1, alhali a da har 9 yakan wuce. Na ce da murnata, "Mama, alhamdulillahi, sukarinki ya kwanta."

Ta ce, "To 'yar nan, me ya sa takalmina ba ya shiga da yamma?"

Ta ɗan janye zani, na danna yatsa a ƙaurinta. Na ɗauke hannu, ramin ya tsaya bai cike ba. Na buɗe katinta: zuwa uku ke nan babu gwajin fitsari, kuma duk ukun ni ce a kan tebur. Ranar na zauna har ta kawo. Kumfa ce a saman kwalbar kamar an kaɗa sabulu. Furotin ɗin da ake kira albumin, wanda daga 30 ake fara zargin ƙoda, nata ya haura 300 nesa.

Likitan da ke jagorantar mu bai yi mini faɗa ba, zama ya yi ya bayyana mini. Ƙoda tana cikin masu kawar da insulin, sinadarin da ke sauke sukari, daga jini. Idan ta gaza, insulin ya daɗe a jiki, sai sukari ya sauka da kansa. Ga kuma ƙarancin jinin da ciwon ƙoda ke kawowa, jajayen ƙwayoyin jinin ba sa kai kwanakinsu, sai lambar HbA1c ta fito ƙasa da gaskiya. Haka yake faruwa ga masu sikila da wanda aka ƙara wa jini kwanan nan, kuma kowa ya san yawansu a wajenmu. Wato albishir ɗin da na yi wa Mama, alamar lalacewar ƙodarta ce. Na kwana biyu abin yana cin raina.

A wurinta kuma na koyi tambaya. Takardarmu cewa ta yi, "Kina shan wani magani ban da na asibiti?" Kusan kowa a'a yake cewa. Sai na ce mata, "Mama, in gwiwa ta matsa miki, me kike sha?" Ta kwance bakin mayafi ta fito da leda: diclofenac da ibuprofen daga kemis ɗin unguwa, kullum safe da dare, ga jiƙon da maƙwabciya ta haɗa mata a gora. A wurinta wannan ba magani ba ne, abin gwiwa ne kawai. Irin waɗannan ƙwayoyin suna rage jinin da ke shiga ƙoda, ga wadda tata ta riga ta jigata kuwa, gaba suke ƙara tura ta.

Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne, yau akwai abin yi in an gano da wuri. Tun da daɗewa an san magungunan hawan jini irin su lisinopril da losartan suna rage zubar furotin ta fitsari. Sannan manyan bincike uku, CREDENCE a 2019, DAPA-CKD a 2020 da EMPA-KIDNEY a 2022, suka nuna cewa magungunan da ke sa ƙoda ta zubar da sukari ta fitsari, irin su dapagliflozin da empagliflozin, suna jinkirta mutuwar ƙoda, biyun ƙarshe ma har ga waɗanda ba su da ciwon sukari. Tsadarsu wata magana ce daban. Amma ko mai kuɗin saya ba za a rubuta masa don ƙodarsa ba sai an san ta taɓu, ita kuwa ƙoda ba ta kuka sai ta kusa ƙarewa.

Mu kuma muna da ƙarin dalilin sa ido. A 2010 aka gano wasu nau'o'in ƙwayar gado mai suna APOL1 da suka yawaita a Afirka ta Yamma. Suna ba da kariya daga wani nau'in ciwon barci, amma suna ƙara haɗarin ciwon ƙoda. Wanda ya san yadda mutanen Gashua a Jihar Yobe ke fama da ciwon ƙoda ba ya bukatar a ce masa maganar ta shafe mu.

Mama ta kai ga wankin ƙoda kafin shekara ta zagayo. Sau uku a mako ake so, 'ya'yanta sau ɗaya suke iya biya, wani makon ma babu. Ban ce da na karɓi fitsarinta tun zuwan farko da ta tsira ba. Allah ne masani. Amma watannin da aka rasa, a kan teburina aka rasa su.

Yanzu kwalbar nake fara miƙawa kafin in ɗaura abin awon jini a hannu. Wanda ya ce ba ya jin fitsari, in ba shi ruwan leda biyu, in nuna masa benci, in ce, "Baba, zauna, ina jiranka."