Filin Agbogbloshie: abin da katafila ba ta kwashewa

Ranar 1 ga Yulin 2021 katafiloli suka shiga yadin 'yan gwangwan na Agbogbloshie da ke Accra, babban birnin Ghana, a bakin kogin Odaw, suka baje rumfuna, 'yan albasa kuma aka mayar da su Adjen Kotoku, can bayan gari. Mai wucewa ya ga fili fetal sai ya ɗauka an gama. Amma wurin da aka shekara da shekaru ana ƙona waya don fitar da jan ƙarfe, ana fasa batirin mota, ana tsiyaye baƙin mai, gubarsa tana ƙarƙashin ƙafa. Mai yakan ruɓe a hankali idan ana juya ƙasar tana shan iska. Dalma kuwa ba ta ruɓewa, ko jikokinmu za su tarar da ita.

Babban abin da aikin tsabtace irin wannan fili ya koya mana shi ne a yi awo kafin a taɓa ƙasa. Da farko a zauna da tsofaffin wurin, su nuna inda ake ƙona waya da inda masu batir suke zama, domin babu taswirar da ta kai su sani. Sannan a yanka filin gida-gida, misali mita 20 kan mita 20, a ɗebi ƙasa a sama, a rabin mita, da kuma mita ɗaya. Na'urar hannu ta XRF tana nuna yawan dalma nan take, sai dai jiƙaƙƙiyar ƙasa tana sa ta karanta ƙasa da gaskiya, don haka a shanya, a tankaɗe, a kuma aika wani kaso ɗakin gwaje-gwaje. Dayoksin, wato gubar da hayaƙin roba ke bari, shi na'urar ba ta ganinsa sam. Idan katafila ta riga mai awo shiga, ta cakuɗa mummunar ƙasa da mai kyau, abin da za a kwashe da tifa goma ya koma na tifa ɗari.

Lissafin yana da nauyi. Hekta ɗaya da aka haƙe zurfin rabin mita ta ba da ƙasa wajen tan 8,000, wato sawu 400 na tifa mai ɗaukar tan 20. Ina za a kai ta? In ba a tanadi rami mai shimfiɗar da ba ta yoyo ba, an dai sauya wa guba unguwa ne. Shi ya sa sau da yawa akan kwashe wuraren da suka fi muni kawai, sauran a rufe: a shimfiɗa ƙyallen alama mai launi, a zuba tsabtatacciyar ƙasa kamar santimita 60, ko a yi daɓen kankare. Ita ma ƙasar da aka kawo sai an gwada ta.

Rufin yana lalacewa ne ta hannun mutane. Bayan shekara biyar wani ya zo haƙa salga ko tushen gini, ya tono abin da aka binne. Dole a rubuta a takardar filin cewa ba a haƙa rijiya, ba a shuka ganye, ba a kiwo. Gwajin da aka yi wa ƙwan kajin wurin, wanda aka fitar a 2019, ya nuna dayoksin mai yawan gaske. Filin da ya isa tashar mota bai isa makaranta ba, domin yaro hannunsa daga ƙasa sai baki.

Lokaci ma a kula. Da hunturu a riƙa yayyafa ruwa, a rufe tifa da tamfol, a wanke tayoyi a ƙofar fita, kada ƙura ta sauka a kwanon abincin makwabta. Da damina ruwan ƙasa a nan kusa yake, rami yakan cika, ya malala Odaw zuwa tafkin Korle.

Sai masu sana'ar, yawancinsu 'yan Arewacin Ghana ne masu neman na tuwo. Da aka tashe su ba su bar aikin ba, sun watsu cikin Old Fadama, unguwar da ke makwabtaka da wurin, da wasu lunguna, ƙona waya ta matso kusa da ɗakunan kwana. Injin fere waya yana iya fere waya mai kauri, siririyar ce ke gagara, ita ake ƙonawa. Dokar Act 917 ta 2016 ta sa haraji kan kayan lantarkin da ake shigowa da su, ta kuma tanadi asusu. Daga asusun nan ya kamata a riƙa sayen siririyar wayar a hannun yaran, a kan farashin da ya fi abin da wuta za ta ba su.